Kafin ka aza bulo a Ƙonni, tambayi daga ina ɗan haya zai samu kuɗi

Duk wanda ya tara ɗan abin hannu a yankin Ƙonni, ko daga albasa, ko daga ci-rani a Abijan, shawarar da ake fara ba shi ita ce ya yi ginin haya, tunda ƙasa ba ta ruɓewa. Shawarar ba ta da laifi, sai dai rabi ce. Abin da ya kamata sabon mai zuba jari ya fara bincika shi ne aljihun wanda zai shiga ɗakin, domin kuɗin haya daga can yake fitowa, kuma a wannan yanki aljihun mutane da yawa a ɗaure yake da iyakar Najeriya.

An ga haka sau biyu cikin shekara biyar. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar kuma takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake toshe hanyar Ƙonni zuwa Illela ta jihar Sakkwato har zuwa Maris na 2024. A tsakani an cire tallafin man fetur a Najeriya, naira ta faɗi, ribar masu sayar da mai a kwalba da 'yan canji ta ragu. Direba, ɗan kamasho, mai shago a bakin tasha, dukansu masu biyan haya ne, kuma rana ɗaya cinikinsu ke tsayawa. Wanda ya jera shaguna goma don irin waɗannan mutane, hatsari ɗaya ya saya sau goma.

Don haka nake ganin mai farawa ya nemi ɗan hayar da abincinsa bai rataya ga shingen duwan ba. Akwai su. Malbaza ta zama departama a 2011, ga ma'aikatan gwamnati da aka turo, ga masana'antar siminti da ta daɗe tana ɗaukar ma'aikata. A Galmi akwai asibitin da ke aiki tun 1950, ga kuma hada-hadar albasa. A Illela ta Nijar da Badagishiri akwai malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka yi wa canjin wurin aiki, waɗanda ba sa neman bene. Ciki da falo suke so, da bayan gida nasu na kansu, da famfo, da mitar wuta da ba a haɗa da maƙwabci ba. Wannan mitar kaɗai tana kashe rabin rigimar gidan haya, domin ba a zaman raba kuɗin wutar NIGELEC da wanda ke da firji da wanda fanka ɗaya gare shi.

Za a ce shago ya fi kawo kuɗi, kuma gaskiya ne idan kasuwa na ci. Amma a yi lissafi. A ce mutum ya kashe sefa miliyan 10, yana karɓar jika 50 a wata: sai ya haura shekara 16 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Idan ginin na zama fanko wata biyu a kowace shekara, lissafin ya koma shekara 20, ba a sa gyaran rufi bayan damina ba, ba a sa haraji da ladan dillali ba. Watannin da ɗaki ke zama a kulle sun fi ƙarancin kuɗin haya cin jari. Za a kuma ce ma'aikaci ma yana jinkiri, musamman malamin kwantiragi, kuma ana iya ɗauke shi kowane lokaci. Haka ne, sai dai wanda aka ɗauke ana turo wani a madadinsa, makaranta ba ta tashi don an rufe iyaka, kuma jinkirin albashi bashi ne da ake sa ran biya.

Saura maganar takarda, wadda a nan ne mafi yawan sababbin shiga ke faɗawa. Filayen gefen gari da yawa gonakin gado ne, kuma sayen fili daga hannun magaji ɗaya alhali 'yan uwansa ba su sa hannu ba, shari'a ce aka saya. Tun dokar karkara ta 1993 akwai kwamitocin filaye da ake kira COFO, daga ƙauye har departama, filin da aka yanka a gari kuma yana da takardar mallaka daga ofishin magajin gari. A je a duba lambar filin a rajista kafin a biya, mutum ya kuma je wurin da kansa a watan Agusta, lokacin da ruwa ke nuna inda yake kwanciya. Masu cewa wannan ɓata lokaci ne, wani zai riga su, su tuna cewa mai sayarwar da ke hana a je ofis yawanci yana da dalilinsa. Haka yarjejeniyar haya: a rubuta ta ko da ɗan hayan ɗan ƙanwarka ne, da ranar biya, da wanda zai gyara famfo in ya lalace, da shaidu biyu.