Barkwanci Mai Ɗaci a Rigar Littafin Yara

A Birtaniya akwai wani salon barkwanci da ya yi tashe a shekarun 2010. Sai a ɗauko kamannin tsohon littafin yara, da zanensa mai launi da gajerun jimlolinsa, a zuba masa zancen manya mai ɗaci, na mutuwar aure ko fargaba ko danniyar hukuma. Wasu na ganin abin cin mutuncin ƙuruciya ne. Ra'ayina shi ne aikin yana da amfani, domin abin da yake tonawa shi ne ƙaryar da manya suka shirya wa yara.

Littattafan koyon karatu na kamfanin Ladybird, masu ɗauke da labarin yara biyu, Peter da Jane, sun fara fitowa a 1964. A cikinsu gida tsaf yake, uba na fita aiki, uwa na kicin, babu talauci, babu rigima. Yaran da suka koyi karatu da su sun girma sun tarar duniya ba haka take ba. A 2014 mai zane Miriam Elia ta fitar da We Go to the Gallery, inda uwa ta kai 'ya'yanta gidan nunin zane-zanen zamani tana ba su amsoshi masu kashe jiki cikin waccan murya mai sanyi ta malamar firamare. Richard Littler kuwa ya ƙirƙiri Scarfolk, garin da babu shi a taswira, wanda ya maƙale a shekarun 1970, yana kwaikwayon littattafan makaranta da fastocin gargaɗin gwamnati na wancan zamani. A 2018 wata mujallar ma'aikatan gwamnatin Birtaniya ta buga fastansa bisa kuskure, mai cewa a harbe yaron da ya kamu da ciwon haukan kare, ta ɗauka na tarihi ne. Idan jami'an hukuma suka kasa bambance muryarsu da ta mai yi musu shaguɓe, to shaguɓen ya faɗi gaskiya game da yadda hukuma ke magana da jama'a.

Masu suka na cewa littafin yara wuri ne mai tsarki da bai kamata a shigar da mutuwa cikinsa ba. Tarihi bai goyi bayansu ba. Likitan nan na Jamus, Heinrich Hoffmann, ya wallafa Struwwelpeter a 1845 domin yara, kuma a ciki yarinya ta yi wasa da ashana ta ƙone ƙurmus, tela ya datse manyan yatsun yaro da almakashi saboda yana tsotsonsu. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Dodo mai haɗiye mutane ya san haka abin yake ko a wajenmu. Edward Gorey, da ya jera mutuwar yara 26 bisa haruffan abacada a 1963, ya tarar da duhun a cikin gadon ne tun kafin ya ɗauki alƙalami. Tsoron kada littafin ya faɗa hannun yaro kuwa gaskiya ne, amma maganinsa na hannun mai shago da iyaye, kamar kowane littafin manya.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta haƙƙin masu zanen asali. Penguin, mamallakin Ladybird, ya yi wa Elia barazanar shari'a, kuma a watan Oktoban 2014 dokar Birtaniya ta buɗe ƙofar kwaikwayo don shaguɓe. Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. A 2015 kamfanin da kansa ya fara fitar da littattafan Ladybird na manya, da rubutun Jason Hazeley da Joel Morris a kan tsoffin zanuka, suka kuma yi kasuwa sosai. Suna da ban dariya, amma yawancinsu tsokanar miji da mata ce da kewar ƙuruciya, irin kyautar da ake saya lokacin Kirsimeti. Mai hajar ba zai tona asirin hajarsa ba. Shi ya sa na fi ganin a kare 'yancin marubuta masu zaman kansu irin Elia da Littler, waɗanda kibiyarsu ke nufar iyaye da malamai da hukuma, wato waɗanda suka rubuta wa yaro duniyar tun farko.