SIRO YA DAWO: KADA A ƘARA, KADA A ZAMNA

'Yan'uwa manoma, maza da mata, damana ta yi tsaka, sabro ya yi yawa, masassara ta shiga gidaje. Magana guda ake ji ko'ina, daga Madarunhwa har Magarya: "Na ba shi siro, ya amayar." Daga nan wata uwa ta sake cika cokali. Wata kuwa ta ce maganin likita bai karɓi ɗanta ba, ta koma ma jiƙe-jiƙe. Mu dai a ganinmu, duka biyun kuskure ne.

Mu hwara duba hannunmu. Sau da yawa ba siro ke sa amai ba, ɗura ce. A kwantar da jinjiri rigingine, kaka ta riƙe ƙahwahu, uwa ta toshe mishi hanci, a tuttula cokali guda cikin baki yana tsala kuka. Ina zai zamna? Amai ma sauƙi ne, don maganin yana iya bin hanyar lumhwashi ya shiga huhu. Mun gaji ɗura wurin iyaye, amma lokacin barinta ya yi.

Ki zamnar da yaro bisa cinya, kansa sama. Ki bari kuka ya lahwa. Ki auna da ma'aunin da ya zo cikin kwali, don cokulan gida kowane da girmansa. Ki zuba kaɗan-kaɗan ta gehen kumatu, ya haɗiye kahin ki ƙara. Kada ki ba shi yana gama cika ciki da nono ko kunu. Aikin bai wuce minti 5, ko da surhe na jira.

To, in ya amayar hwa? In parasetamol ne, kada ki sake. Ba wanda ya san nawa ya hita, nawa ya zamna cikin ciki. Da nauyin yaro ake auna shi, miligaram 15 ga kowane kilo, awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a kwana guda. In ya yi yawa, hanta yake ci, kuma ɓarnar ba ta bayyana a ranar hwarko. Ki jira lokacinsa. Ki rage mishi tuhwahi, ki yawaita ba shi nono. Asfirin kuwa, da abin da masu talla ke yawo da shi cikin rana a kasuwa, ba na jinjiri ba ne.

Maganin kariya daga zazzaɓin sabro, wanda ake raba ma yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 kowace damana tun 2013, shi hukuncinsa dabam. In yaro ya amayar da shi kahin rabin awa, a gaya ma mai rabo, zai sake ba da wani.

Ku karanta wannan da kyau, ku karanta ma maƙwabta. Parasetamol zahin jiki kawai yake saukarwa, bai kashe cutar sabro. Yaron da ke amayar da komi, har nonon uwa, ba siro ne ya ƙi ba, ciwo ne ya yi ƙarhi. Haka wanda ya kasa kama nono, ko ya yi jijjiga, ko ya yi lis ana tada shi bai tashi. Jinjirin da bai kai wata 3 ba kuwa, zahin jiki kaɗai ya isa dalili. Waɗannan duka a tahi likita yanzu, ko da tsakad dare ne. Can za a ɗiga jini daga yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko sabro ne. In baki ya ƙi karɓa, suna da na allura da na sawa ta dubura.

Maigida, kai muke ma wannan. Mun san maimai na jiranka, haki bai jiran kowa. Amma mace ba ta hita gida sai da izininka, amalanke da kuɗin moto kuma hannunka suke. Zazzaɓi mai tsanani yana iya ɗauke yaro cikin kwana guda. Ka ba da izini tun yau, kahin ciwo ya zo, ka aje 'yan kuɗin hanya inda ta sani. In kana gona yaro ya hwara amai, ta goya shi ta kama hanya, ka iske su can.