Ƙirgar Mutanen Suwidin: Sauƙi A Baki, Tarko Wajen Aiki

Duk Bahaushen da ya zauna Sabo ta Ibadan ko Agege ya san amfanin ƙirga a bakin baƙo. Bayarabe in zai ce goma sha biyar sai ya ce ashirin ba biyar, wanda bai kama wannan da wuri ba kuwa ya sha asara a kasuwa. To, saurayin da karatu ko neman abinci zai kai shi ƙasar Suwidin, lalle ya kamata ya fara da lambobi tun kafin gaisuwa.

Ita kanta ƙirgar ba ta da wuya. Ett, två, tre, fyra, fem, sex, sju, åtta, nio, tio, watau ɗaya zuwa goma. Ashirin tjugo, ɗari hundra, dubu tusen. Ashirin da ɗaya tjugoett, babba gaba ƙarami baya, kamar dai Hausa. Sju kaɗai, bakwai ke nan, ke karya harshen baƙo.

Amma fa tarkon yana wajen aiki da su. In mai ɗaukar ma'aikata ya ce a zo halv tre, wanda ya haddace kalmomi kawai zai ji rabi, ya ji uku, ya ce ai ƙarfe uku da rabi ne. Ina! Biyu da rabi ake nufi, watau saura rabin awa uku ta cika. Ya makara da awa guda ke nan, a ƙasar da ba a wasa da lokaci, aiki kuwa ya tafi.

Ga kuma mil. Su ma suna da kalmar, amma tun 1889 mil ɗinsu kilomita 10 ne cif. In an ce daga Stockholm zuwa Uppsala wajen mil 7 ne, Bahaushe zai zaci tafiyar keke ce, alhali kilomita 70 ake magana. Har wa yau, waƙafi a lissafinsu yana tsayawa ne a madadin ɗigo: 1,5 ɗaya da rabi ne, dubu da ɗari biyar kuwa 1 500 suke rubutawa. Biliyan miljard ce a wurinsu, biljon ɗinsu ta ninka ta sau dubu.

Wasu za su ce ai mutanen Suwidin sun iya Turanci, me zai sa a wahala? Gaskiya ne sun iya. Sai dai takardar haya da ta albashi da sanarwar tashar jirgin ƙasa galibi da harshensu suke zuwa, kuma takarda ba ta tsayawa ta yi wa mutum tafinta.