Labarin Duniya: Lambobin Tsohon Soja Mai Rabon Wasiƙu

A birnin Landan na ƙasar Ingila akwai gidajen gwanjo inda ake sayar da lambobin girma na tsofaffin sojoji. Masu sayensu ba narkewa suke yi ba. Tarawa suke yi, su jera cikin akwati mai madubi. Sau da yawa a kan sami jeri ɗaya na mutum guda: lambar yaƙi biyu ko uku, sannan ta ƙarshe ta aikin gidan waya.

Ga yadda abin yake. A zamanin mulkin mallaka, ɗan talakan Ingila wanda ya rasa aiki ya kan shiga soja. Ladansa sule ɗaya ne a yini. Yawanci ya kan yi shekara 7 cikin kaki, da shekara 5 a gida yana jiran kira. Jirgin ruwa ya kai shi Indiya, ko Sudan inda aka yi yaƙin Omdurman a 1898, ko Afirka ta Kudu inda aka gwabza daga 1899 zuwa 1902. Kowane yaƙi da lambarsa ta azurfa. Har yaƙin cin Kano da Sakkwato a 1903 an ba da lamba. Ke nan ƙasashen mutane aka ci, sannan aka rataya wa soja azurfa a ƙirji.

Amma azurfa ba ta cika tukunya. Soja ya koma gida ba gona, ba sana'a. Don haka gomnati ta riƙa keɓe wa tsofaffin sojoji gurabe a gidan waya. Mutumin da ya saba da kaki da tafiyar ƙasa da tashin asuba, sai ya aje bindiga ya ɗauki jakar wasiƙu. Ko ana ruwa ko ana ɗari, yana bi gida gida. A 1902 Sarki Edward na 7 ya kafa wata lamba don ƙananan ma'aikata. Wanda ya yi shekara 25 yana aiki da gaskiya a ƙasar, in zai huta a kan ba shi ita.

A wurin gwanjo, lambar yaƙin ƴan watanni ta kan fi ta shekara 25 tsada. Amma in lambobin suna tare, da hoto da takardun mai su, kuɗin ya kan ƙaru. Dalili shi ne, Ingilishi sun saba buga sunan soja da lambarsa da rundunarsa a bakin azurfar. Da wannan suna mai saye zai je gidan ajiyar takardun gomnati a Landan, ya gano garin da aka haifi mutumin, da inda ya yi yaƙi, da ranar da ya bar soja. Ashe labarin mutum ake saye, ba nauyin ƙarfe ba.

Wannan magana ta shafi gidaje da yawa a Maraɗi da Damagaram da Tawa. Kakanni sun yi sojan Faransa a yaƙin 1939 zuwa 1945, waɗansu sun je Andoshin da Aljeriya. Lambobinsu na nan cikin adaka. Su kuwa lambobin Faransa galibi ba suna a jikinsu. Takardar da aka ba da tare da lamba, da littafin soja, su ne shaida. In gara ta ci takarda, lamba ta zama bebiya.

Saboda haka, duk wanda ya gaji irin wannan kaya ya haɗa lamba da takarda wuri guda, nesa da laima. A sami wanda ya iya rubutu ya rubuta sunan tsoho, da garinsa, da inda ya je. In dillali ya zo taye, a yi shawara da dangi tukuna. Kuɗi na ƙarewa a kasuwa ɗaya, ita kuwa lamba in ta fita gida ba ta komowa.