Ƙanena ya san dangin Naruto, bai san 'ya'yan Bawo ba

Hutun da ya wuce da na koma gida Zango na tarar da 'yar ƙaramar rigima. An ƙwace wa ƙanena, ɗan aji uku a ƙaramar sakandare, wani littafin rubutu a makaranta, aka aiko da shi gida tare da ƙorafin cewa yaro ya bar karatu ya koma zane-zane. Baba ya ce shirme ne, a saka a murhu. Na roƙi arziki aka ba ni na duba. Ashe labari ne yaron ya tsara, shafi bayan shafi, kowane an raba shi gida-gida, ga hoto ga magana. Amma duk jaruman sunayen Japanawa gare su, gashinsu a tsaye, suna cin taliya da tsinke. Na ce masa, “Kai kuwa, ko mutum ɗaya babu mai suna Audu?” Sai ya ce, “Yaya, ai mu ba mu da irin wannan labarin.”

Wannan amsa ta tsaya mini a rai. Daga ƙofar gidanmu zuwa rijiyar Kusugu ba a yin awa ɗaya a mota, amma ɗan ƙasar Daura yana ganin ba mu da labarin jarumi da dodo. Kuma ban ga laifinsa ba. Ra'ayina shi ne, yaranmu ba ƙin karatu suke yi ba, mu ne muka daina rubuta musu.

Mai karatu, duba yadda abin yake. Yaro yana ƙarami ana yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, idan ya yi sa'ar kaka mai haƙuri. Idan ya girma ya kai munzali, ga littattafan soyayya da na zaman aure birjik, tun daga na adabin kasuwar Kano har zuwa waɗanda ake sayarwa yanzu ta WhatsApp. To ɗan shekara 12 zuwa 17 fa? Ya wuce Gizo, bai kai kishiya da sakin aure ba. Wannan tsakiyar ita ce ba kowa a cikinta. Shi ya sa namiji ke zuwa wajen masu tura fina-finai a cika masa waya da katun ɗin Japan, mace kuma ta ɗauki wayar yayarta ta karanta labarin da marubuciyar ma ta rubuta a kansa cewa na matan aure ne. Sai mu zo muna salati, alhali mu muka bar tukunyar a buɗe.

Masu cewa labarin almara baƙon abu ne da aka shigo mana da shi, su waiwayi tarihi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai. A nan Abubakar Imam ya fito da Ruwan Bagaja, labarin mutumin da ya bar gida neman wani ruwan magani, ya yi ta gamuwa da aljanu da abubuwan mamaki, ga kuma Malam Zurƙe yana ba shi ciwon kai. Lokacin Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina, shekarunsa ashirin da 'yan kai, wato sa'ana ne a yau. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, wanda shi ma ya shiga duniyar aljanu. Magana Jari Ce kuwa aku ne ke ba da labari yana riƙe ɗan sarki kada ya fita. Ahmadu Ingawa ya ba mu Iliya Ɗan Maiƙarfi. A 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Bahaushe ya kai shi sararin samaniya. Waɗannan su iyayenmu suka karanta a makaranta, kuma ba a ce sun lalace ba.

Ni kaina littattafan yaƙi ne suka koya mini son karatu, irin na su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih. Na sha ɓoye su a cikin littafin lissafi. Ina girmama su har gobe. Amma a matsayina na mai karatu ina da ƙorafi a kan yawancin littattafan wannan layi. Jarumin ƙato ne tun daga shafin farko, yana sare dakaru dubu ko gumi bai yi ba. Garuruwan kullum can wata nahiya suke, sunayen kuma na Larabawa ko Farisawa. Mace in ta fito, galibi gimbiya ce da za a ba shi lada. Yaro zai ji daɗi, amma ba zai ga kansa a ciki ba.

A nan ne baƙi suka fi mu dabara. Harry Potter, wanda ya fara fitowa a 1997, shekararsa 11 aka fara labarinsa, maraya ne, yana da abokai, yana tsoron malamai da jarrabawa. Naruto, wanda Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014, shi ma maraya ne da garinsu ke ƙyama, har jarrabawa ya sha faɗi. Abin da ke kama yaro ke nan, ba tsafin ba: ga wani kamarsa da aka raina, ya dage har ya zama wani abu. Kuma dilan nan mai wutsiya tara da ke cikin Naruto, daga tsofaffin tatsuniyoyin Japan aka ɗauko shi. Wato tasu Ƙoƙin suka yi wa wanka suka sayar wa duniya.

Ba sai mun je Japan ba ma. Tomi Adeyemi ta gina Children of Blood and Bone a 2018 a kan al'adun Yarabawa. Nnedi Okorafor ta rubuta Akata Witch a 2011, jarumarta yarinya zabiya a Najeriya. Roye Okupe ya yi littafin zane na Malika, sarauniya mayaƙiya da ya gina a kan tarihin Amina ta Zazzau. Ban ji haushinsa ba ko kaɗan, ya ga dukiya a yashe ya ɗauka. Kunya dai na ji.

Yanzu dubi abin da ke hannunmu a Daura. Baƙo ya taso daga gabas, ya bi ta Borno, ya tsere da matarsa, ya bar ta a Garun Gabas, ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ya iso gari da dare, tsohuwa Ayana ta ce masa babu ruwa, don maciji Sarki ba ya bari a ɗiba sai ranar Juma'a. Gari kuma mace ke mulkinsa. Bayan nan ga Bawo da ɗan'uwansa Karɓagari, 'yan uba, kowa da uwarsa da burinta. Masana tarihi suna ta muhawara a kan wane ɓangare ne ya faru, wane ne almara, wannan aikinsu ne. Marubuci kuwa tambayarsa daban: yaya rayuwar yarinya 'yar shekara 14 take a garin da ake ɗibar ruwa sau ɗaya a mako? Yaya Bawo da Karɓagari suka taso a gida ɗaya? Wallahi wannan kaɗai ya isa littafi bakwai.

Na san akwai iyayen da damuwarsu ta addini ce, batun sihiri da zanen mai rai. Ban raina wannan ba, kuma fatawa ta malamai ce, ba tawa ba. Abin da zan ce kawai, hanawa ba ta hana ba. A 2007 an ƙona littattafan Hausa a Kano da sunan gyaran tarbiyya, yau ga su sun dawo cikin waya, inda ba mai iya ƙona su. Idan namu ne ya rubuta, ya san iyakar da ba a tsallakewa, ya san jaruminsa zai tsaya ya yi salla, ya gaida na gaba. Idan mun ƙi, wanda bai san mu ba zai ci gaba da yi mana renon ƙanne.

Saboda haka kirana uku ne. Mu ɗaliban aikin jarida da masu karanta Hausa da zane, mu riƙa haɗa kai, mai alƙalami da mai fensir, ko shafi goma ne a fitar a tura ta waya. Na biyu, a sa gasa. Ruwan Bagaja gasa ce ta haife shi, Hikayata ta BBC Hausa kuma tun 2016 take fito da mata marubuta. Me zai hana Masarautar Daura da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina su sa gasar labarin matasa, a ba da kyauta lokacin Sallar Gani? Na uku, malamai da iyaye, idan kun kama yaro da irin wannan littafi, ku karanta kafin ku ƙwace.

Baba dai ya haƙura, bisa sharaɗin sai an gama aikin makaranta. Kafin na dawo na kai ƙanena Kusugu, muka leƙa, muka sha ruwan. Mun yi yarjejeniya, ni zan rubuta, shi zai zana. Shekaranjiya ya kira ni da wayar Inna yana tambaya, “Yaya, macijin nan yana magana ko ba ya yi?” Na ce masa ya zaɓa, labarinsa ne.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu dace.