Hanyar Jirgin Ƙasa Kano-Maraɗi: Su Wa Za Su Tuƙa Jirgin?

Tun cikin watan Fabrairu na shekara ta 2021, lokacin da shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi, zancen jama'a bai wuce na tasha da kasuwa da kuɗin diyyar gonaki ba. Akwai wata tambaya da ya kamata magabata su sa gaba: idan jirgin ya ƙetaro iyaka daga Jibiya, ɗan wace ƙasa ne zai kasance bisa kujerar tuƙi?

Nijar ta daɗe da hannu cikin sha'anin jirgin ƙasa, amma daga nesa. A shekara ta 1959 aka kafa ma'aikatar haɗin gwiwa tsakaninta da Dahome, wadda daga baya aka sani da OCBN, sai dai hanyar ta taso daga Kwatano ta tsaya Paraku, daga nan manyan motoci ke ɗauko kaya. An shimfiɗa ta Yamai zuwa Doso daga 2014 zuwa 2016, aka yi bikin buɗewa, jigila kuwa ba ta kankama ba. Ke nan ƙasar ba ta samu filin da matuƙa za su goge ba.

Ga shi kuma aikin ba a koyon sa cikin wata ɗaya. Kafin a ɗauki saurayi, likita zai auna ganinsa da jinsa. Wanda ba ya rarrabe ja da kore, ko da ya fi kowa maki a lakwal, an sallame shi, domin da launin fitila ake ce wa jirgi tsaya ko wuce. Wanda ya tsallake sai ya zauna aji ya haddace dokokin hanya, ya san injin da birki. Bayan haka ya hau gefen tsohon matuƙi yana taimako, kamar dai yadda yaron mota ke yi, illa nan akwai jarrabawa a ƙarshe. A wannan zama ne yake sanin inda gangara take, inda kwana take, da mararrabar da garken shanu ke ratsawa. Jirgi mai nauyin kaya yakan ci kusan kilomita guda kafin ya tsaya cak. Matuƙin da ya jira sai ya ga hatsari da ido ya riga ya makara. Mai kula da taragai da mai juya hanya a tasha su ma kowa da nasa horon.

Nijeriya tana da makarantar koyon sufuri a Zariya, an kuma aza harsashin jami'ar sufuri a Daura cikin 2019, garin da hanyar ke bi. Amma can da Ingilishi ake karantarwa, yaran Maraɗi da Damagaram kuwa Faransanci suka karanta. Hausa ta haɗa ɓangarorin biyu, kuma babu abin da zai hana a juya littafin dokokin hanya zuwa gare ta, tunda umurnin da aka ji a karkace yana iya kashe rayuka.

Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta nemi a rubuta cikin yarjejeniya yawan guraben da za a ware wa ƴan Nijar, ta buɗe jarrabawar ɗauka a fili ba tare da sanayya ba, ta kuma tura waɗanda suka ci horo tun yanzu, kafin a gama shimfiɗa ƙarfe.