Gida Mai Tafiya Shi Ma Gida Ne

A ƙasar Hausa, in an ce gida, abin da ke zo mana a rai shi ne danga ko katanga, da zaure, da ɗakuna, da rumbu a gefe. Saboda haka in mun ga wanda ya ɗaura kayansa bisa jaki ya yi gaba, sai mu ce: «Wannan ai ba shi da gida.» Ni ban yarda da wannan magana ba. Wurin da ake dafa abinci, a kwanta, a reni yara, a tarbi baƙo, gida ne, ko da gobe zai tashi. Kuma yadda muke kallon irin wannan gida yana da alaƙa da zaman lafiyarmu a nan Cake da sauran ƙasar Mayahi da ta Tasawa.

Mota mai ɗaki

Bari mu fara da labarin nesa. A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota da aka ƙera da ɗaki a cikinta. Girmanta ya kai na motar haya mai zuwa kasuwa, wata ma ta fi. A ciki akwai gado, da murhu mai aiki da gas, da ɗan firiji, da tebur da ake naɗewa, da makewayi ƙarami. Wasu suna ɗora faifan hasken rana bisa rufin motar don su samu wuta da dare.

Masu hali suna sayen ta don yawon hutu. Amma akwai waɗanda ba su da wani gida sai ita, rani da damina. A shekarar 2008 tattalin arzikin Amurka ya shiga wahala, mutane da yawa suka kasa biyan bashin gidajensu, aka karɓe. Wasu daga cikinsu, har da tsofaffi, suka koma zaman mota, suna bin aikin ƙodago daga wannan gari zuwa wancan. An yi fim a kansu mai suna Nomadland a 2020. Duk lokacin sanyi dubbansu kan taru a wani gari na hamada mai suna Quartzsite, cikin jihar Arizona, kamar yadda makiyayanmu ke taruwa a Ingal ƙarshen damina.

To, ta yaya ake riƙe gida a cikin mota?

Abu na farko, ruwa. Tankin irin wannan mota a Turai yakan ɗauki wajen lita 100. Mu yi lissafi: bido mai lita 20 guda biyar ke nan. In mata da miji ne, kowa ya yi amfani da lita 10 a rana, ruwan zai kai su kwana biyar. Da shi za su sha, su yi girki, su wanke kwano, su yi wanka. Ruwan wanke-wanke kuma ba a zubar da shi ko'ina. Yana taruwa a wani tanki dabam, sai an je wurin da aka tanada sannan a juye. Haka ma na makewayi.

Abu na biyu, kaya. A Turai, lasin tuƙi na kowa da kowa bai wuce motar da nauyinta ya kai kilo 3500 ba, ita da kayanta da mutanen ciki. Motar da kanta ta cinye mafi yawan wannan nauyi. Abin da ya rage ƴan ɗaruruwan kilo ne. Don haka uwargida ba ta ajiye tukunya biyar in biyu sun isa. Kowane abu da wurinsa, kuma sai an ɗaure shi kafin a tashi, in ba haka ba da an taka birki kwanoni su watse.

Abu na uku, masauki. Mota ba ta kwana a iska. A filayen gwamnati da yawa na Amurka, kwana 14 aka yarda mutum ya yi a wuri ɗaya, daga nan sai ya matsa gaba. A wasu garuruwa kuwa an hana kwana cikin mota sam. Mai gida mai tafiya kullum yana tambayar kansa: yau ina za mu sauka?

Mu dawo gida

Wani zai ce: «Wannan ai sha'anin Turawa ne, me ya shafe mu?» Ɗan uwa, duba da kyau. Waɗannan abubuwa uku, ruwa da kaya da masauki, su ne damuwar Fulani da Buzaye da ke ratsa ƙasarmu duk shekara. Da damina su yi arewa wajen Dakwaro da gaba, bayan girbi su gangaro kudu ta Gulbin Kaba. Tun kafin a ƙera mota suke wannan rayuwa.

Akwai kuma direbobin manyan motoci da yaransu, masu bin kwalta daga Maraɗi su bi ta Tasawa zuwa Damagaram. Ka duba ƙarƙashin kamyo in ya tsaya: ga bidon ruwa a rataye, ga tukunya, ga gawayi, ga butar shayi da tabarma. Yaron mota shi ne mai girki, shi ne mai wanki. Sai dai su iyalinsu suna gari, sukan koma. Makiyayi kuwa da matarsa da ƴaƴansa da tsohuwarsa yake tafe. Nasa shi ne cikakken gida mai tafiya.

Wa ke riƙe da wannan gida? Mace ce. A wajen Buzaye, bukkar ma ta mace ce. Da ita take zuwa gidan aure, in aure ya mutu kuma ta tafi da abinta. Wasu bukkoki na fata ne, wasu na tabarmin kaba, irin kabar nan da muke saƙa da ita. A rugar Fulani ma, matar ce ke kafa gado, ta jera ƙorai bisa tsari, babba da ƙarama, kowace da wurinta. Ranar tashi ita ce ke kwance komai, ta ɗaure, ta aza ma jakai ko takarkari. In an sauka da yamma, kafin a gama ɗaure maruƙa a dangwali, ta kafa murhu, ta shimfiɗa ma yara.

Uwargida, ki gwada a zuci. A ce miki ki kwashe ɗakinki kaf, ki ɗaure, ki yi tafiyar yini, ki sake shirya shi kafin magariba, ki kuma yi tuwo. Bayan ƴan kwanaki a ce ki sake. Wadda take yin wannan shekara da shekaru, ta yaya za a ce ba ta san riƙon gida ba?

Abin da za mu koya

Macen ruga ta san ruwan da ke cikin salkarta ko bidonta, ta san kwana nawa zai kai ta. Ta san yawan hatsin da ya rage. Ba ta da rumbun da za ta ce bari in ɗebo, gobe ma akwai. Mu da muke zaune, sau nawa muke buɗe rumbu bayan girbi ba awo, biki kaza, suna kaza, sai bazara ta yi mu tarar da shi wayam? Mai tafiya ba ya wannan ganganci, domin hanya ba ta yafe ma wanda bai yi lissafi ba.

Sai kuma maganar kaya. Ku shiga ɗakin amarya a garuruwanmu. Kwanoni jere har rufi, yawancinsu ba za a taɓa zuba miya a ciki ba. Wata uwa sai ta sayar da akuyarta, wata ta ci bashi, don kada a yi mata gori. Ban ce a kai yarinya ɗaki babu komai ba. Kayan ɗaki mutunci ne, kuma ajiya ce ta ranar wuya. Amma kafin a saya, a yi tambayar da macen ruga da matar cikin mota ke yi: wannan abu zai yi mini aiki, ko kuwa nauyi ne kawai? Akuya tana haihuwa, kwano ba ya haihuwa.

Wahalar abin

Kada kowa ya ɗauka ina cewa zaman tafiya daɗi ne zalla. A'a. Mai zaman mota, ran da injin ya lalace, gidansa ne gaba ɗaya ya tafi gareji. Kuɗin mai ma ba wasa ba ne. Wanda ba shi da adireshi kuma yana shan wuya wajen takardun hukuma.

Haka nan a ruga. Mace mai ciki tana nesa da likita. Yaro yakan rasa rigakafi, ya rasa takardar haihuwa. Lakwal tana wuri ɗaya, iyaye suna tafiya, sai dai a bar yaro hannun dangi ko a makaranta mai ba da abinci. Fari ya zo, dabbobi su mutu, kamar yadda aka gani a 1973 da 1984, gida ya rushe ba tare da bango ya faɗi ba.

Akwai kuma kukan manomi, kuma kuka ne na gaskiya. Mutum ya yi wata uku yana noma, dare ɗaya shanu su shiga su cinye. Wannan ɓarna ce, dole a biya ta. Duk makiyayin da ya saki dabbobinsa cikin gona da gangan ya ci amanar ƴan uwansa, domin a kansu fushin ke sauka.

Amma mu ma mu faɗi tamu gaskiyar. Wa ya nome burtali? Wa ya kewaye tabki da gona har dabba ba ta da hanyar zuwa ruwa? Mutane sun ƙaru, gonaki sun matse, kowa yana ƙara kadada taki ɗaya, taki ɗaya. Mai gida mai tafiya ya dawo inda ya saba sauka, ya tarar da gero. To ina zai bi? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san inda wannan ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Rumji, a nan jihar Maraɗi, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da ɗari. Yawancinsu mata ne da yara na Fulani, wato masu riƙon gidan. Allah ya kiyaye mu da sake ganin irin wannan rana.

Abin da doka ta ce

Ƙasarmu ba ta bar wannan magana haka nan ba. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta tsara sha'anin gonaki da makiyaya da ruwa. Ita ce ta kawo kwamitocin ƙasa, masu shata burtali da rubuta shaidar gona. A 2010 kuma aka yi dokar kiwo. Ta ce tafiya da dabbobi haƙƙin makiyayi ne. Burtali kuwa ba gonar kowa ba ce. Bayan haka, duk shekara hukuma tana sanar da ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbobinsa. Manomi kuma ya yi ƙoƙari ya kwashe amfaninsa kafin ta zo.

Ga amfanin karatun da muke yi. Wanda ya iya karatu zai iya karanta sanarwar da kansa, ya rubuta ranar, ya gane abin da ke cikin takarda kafin ya sa hannu. Ba wanda zai ce masa doka ta ce kaza alhali ba ta ce ba.

Abin da ya kamace mu

Kakanninmu sun fi mu sanin wannan zama. Bayan girbi manomi da kansa yake kiran Bafulatani ya kafa mashekari a gonarsa. Dabbobi su ci kara, su bar taki. Mata su kawo nono da man shanu, su karɓi hatsi. Furar da muke sha ai shaida ce: geron namu ne, nonon nasu.

Saboda haka ga shawarata. Manomi, ka bar burtali yadda ka gan shi. In baƙi sun sauka kusa da kai, ka je ka yi musu barka da zuwa, ka nuna musu inda amfani bai tashi ba. A rijiyar gari a tsara lokaci, na mutane da na dabbobi. Uwargida, in macen ruga ta kawo nono, ki gaya mata ranar rigakafi da ranar awon ciki. Makiyayi, kai ma ka fara da gaida mai gari kafin ka kafa bukka, kuma kada ka bar ƙaramin yaro shi kaɗai da garke kusa da gona. In ɓarna ta auku, a kai magana gaban mai gari da kwamiti, kada a ɗauki sanda.

Wanda ya sauka kusa da kai da iyalinsa maƙwabcinka ne, ko na kwana uku ne. Haƙƙin maƙwabci kuwa kowa ya san shi. Allah ya ba mu damina mai albarka da zama lafiya, amin.

Tambayoyi

1. In tanki yana ɗaukar lita 100, bido nawa mai lita 20 zai cika shi?
2. Ina burtali ya bi a ƙasar garinku? Yana nan yadda yake da, ko ya matse?
3. In za ku tashi gobe da jaki biyu kawai, wane kaya za ku ɗauka, wane za ku bari?